Fashin Baƙi: Me Ake Dubawa a Intabiyun Aikin Kula da Kwastoma?

Me ya sa matashi mai digiri da sakamako mai kyau, ga Turanci a baki, zai shiga intabiyun aikin kula da kwastoma ya fito ba a ɗauke shi ba, a kira wata mai difloma wadda ko muryarta ba ta cika tashi ba? Wannan tambaya ta yawaita a bakin matasanmu tun da tallan irin wannan aiki ya fara yawo a WhatsApp da Facebook, daga bankuna da kamfanonin waya da na wutar lantarki da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya irin su OPay da Moniepoint da PalmPay. Amsar da aka fi ji a majalisa ita ce, "ai sai kana da uwa a gindin murhu." Ba zan ce babu hakan a ƙasar nan ba. Amma da yawan waɗanda ake mayarwa gida, abin da ya kayar da su shi ne sun shirya wa wata jarrabawa daban, ba wadda aka yi musu ba. Sun haddace amsoshi daga intanet, sun goge kwat, sun gyara lafazi, alhali mutanen da ke zaune a gabansu abu ɗaya suke son gani: idan muka bar ka kai kaɗai da mutumin da ransa ya ɓaci, kuɗinsa ya maƙale, yaya za ka yi da shi?

Wane irin aiki ne wannan tukuna?

Ma'aikacin kula da kwastoma shi ne wanda kamfani ya tsayar tsakaninsa da jama'a. Akwai mai ɗaukar kira a cibiyar amsa waya, da lasifika a kunne da kwamfuta a gabansa. Idan ka buga 300, lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe dukkan kamfanonin waya a kanta a 2023, irinsa kake samu. Akwai mai zama a tebur cikin banki, wanda ake bin layinsa kan katin ATM da ya toshe ko gyaran suna a BVN. Akwai kuma mai amsa saƙonnin rubutu a manhaja ko a shafukan sada zumunta, wanda ba a ganin fuskarsa ba a jin muryarsa.

Dalilin da ya sa ake ta ɗaukar irin waɗannan ma'aikata a fili yake ga duk wanda ya rayu a Najeriya 'yan shekarun nan. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, ya tura miliyoyin mutane zuwa transfa da POS, har da dattijai da 'yan kasuwar ƙauye da ba su taɓa yi ba. A 2024 aka yi ta toshe layukan da ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ta NIN ba, jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin kamfanonin waya. A watan Afrilun shekarar aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, a Janairun 2025 kuma NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya haifar da dubban masu ƙorafi, kuma babu wanda zai je ya sami gwamnan Babban Banki ko shugaban kamfani. Wanda ya ɗaga waya shi ke shan faɗan. Saboda haka kamfani yake neman mai iya shanye faɗan da ba shi ya jawo ba, ya kuma warware matsalar cikin 'yan mintuna.

Matakan da akan bi

Akasari abin yana farawa da kiran waya daga baƙuwar lamba, wani lokaci ba tare da sanarwa ba. Mutane da yawa suna ɗauka kiran gayyata ne kawai, alhali daga nan aka fara auna su. Mai kiran yana sauraron yadda ka amsa sallama, ko muryarka na fita, ko kana katse mutum kafin ya gama. In kiran ya same ka cikin adaidaita sahu ko tsakiyar kasuwa, babu laifi ka ce cikin ladabi, "Ina wurin hayaniya, don Allah a ba ni minti goma in koma inda zan ji ku sosai." Wannan ma maki ne, domin ya nuna ka san muhimmancin a ji juna.

Daga nan sai gwajin rubutu: ɗan lissafi, fahimtar karatu, wani lokaci a ba ka wasiƙar ƙorafi a ce ka rubuta amsa. Cibiyoyin amsa waya sukan gwada saurin bugu a kwamfuta, saboda ma'aikaci yana saurare yana rubutawa a lokaci guda. Kalma 30 zuwa 40 a minti ita ce aka saba nema, kuma abu ne da atisaye ke gyarawa. Wasu kan sa ka karanta wani rubutu da ƙarfi a naɗi muryarka. Bayan haka ne ake zama gaba da gaba, ko ta Zoom, da mutum biyu ko uku: ɗaya daga sashen ɗaukar ma'aikata, ɗaya kuma wanda zai zama shugabanka idan an ɗauke ka. Na biyun nan ya fi kowa sanin abin da yake nema, don shi ne yake sauraron kiraye-kirayen da suka lalace kullum.

Kwastoma mai fushi: inda ake tankaɗe da rairaya

Tsakiyar zaman sai ɗaya daga cikinsu ta ce, "Yanzu ni ce kwastoma, kai ne ma'aikaci." Nan take fuskarta za ta canja. A ce ta zama wata Hajiya mai sayar da atamfa:

"Ɗan nan, tun shekaranjiya na tura naira dubu 50 ga mai kawo min kaya, an cire min kuɗi, shi kuma ya ce bai ga alat ba. Sau uku ke nan ina kira! Ku ɓarayi ne kawai, yau sai kun fito min da kuɗina!"

Ga yadda mutane ke faɗuwa a nan. Wani zai fara da kare kamfani: "Hajiya, ai ba laifinmu ba ne, matsalar netwok ce." Wani zai ce, "Ki kwantar da hankalinki," maganar da ba ta taɓa kwantar wa mai fushi da hankali ba, sai ma ta ƙara tunzura shi. Na uku, wanda ya fi ba ni tausayi saboda zuciyarsa mai kyau ce, zai ce, "In sha Allahu yau ɗin nan kuɗinki zai dawo," alhali ba shi da ikon dawo da ko sisi. Shi a ganinsa ya lallashe ta. A wurin masu intabiyu kuwa ya ɗaukar wa kamfani alkawarin da in bai cika ba, gobe Hajiya za ta dawo da fushi ninki biyu, kuma da hujja a hannunta.

Wanda ya fahimci aikin zai bar ta ta juye abin da ke cikinta tukuna, ba zai katse ta ba. In ta numfasa sai ya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri. Dubu 50 ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma kuɗin kasuwa ne, ga shi kin kira har sau uku. Bari in tabbatar na fahimce ki: shekaranjiya kika tura, an cire daga asusunki, wanda kika tura wa bai samu ba. Haka ne?" Da ta ce haka ne, rabin wutar ya mutu, domin karon farko ke nan ta ji an maimaita mata matsalarta daidai. Sai ya nemi bayanan da za su tabbatar ita ce mai asusun, ya tambayi lokacin da aka yi transfar da bankin da aka tura wa, sannan ya faɗa mata gaskiyar abin da zai iya: zai shigar da ƙorafin yanzu, ga lambar ƙorafin ta rubuta ta ajiye, ga kwanakin da aka ƙayyade, ga abin da za ta yi in sun wuce ba ta ji komai ba.

A nan ne ɗan karatu kafin ranar yake amfani. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade wa bankuna wa'adi: in ATM na bankinka ya cire kuɗi bai ba ka ba, a mayar nan take ko cikin awa 24; in na wani banki ne, awa 48; rikicin POS da sayayya ta intanet kuma awa 72. Wanda banki bai warware masa ƙorafi ba, akasari bayan mako biyu, yana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin kwastoma na Babban Bankin. A ɓangaren waya kuma akwai lambar 622 ta NCC, kyauta, ga wanda kamfaninsa bai share masa hawaye ba. Ba a sa ran mai neman aiki ya san tsarin cikin gida na kamfani, za a koya masa. Amma wanda ya nuna ya san akwai wa'adi, akwai kuma mataki na gaba, ya bambanta kansa da sauran.

Sau da yawa mai kwaikwayon ba za ta sauko da wuri ba. Za ta ƙara zafi, ta ce a ba ta manaja, ta yi barazanar rufe asusu. Da gangan take yi, tana son ta ga inda haƙurinka zai ƙare. Muryarka suke saurare a lokacin fiye da kalmominka: ta tashi ne, ta fara rawa, ko tana nan yadda ta faro?

Tarkon da ake ɗanawa da sunan taimako

Akwai wani gwajin da ya fi na fushi haɗari, saboda cikin lalama yake zuwa. Mai intabiyu zai zama wani magidanci mai fara'a: "Yallaɓai, asusun mai ɗakina ne, tana kwance asibiti, so nake kawai ka duba min nawa ne a ciki in sayi magani." Ko ya ce shi ɗan wani dattijo ne da bai iya karatu ba, yana son a canja lambar wayar da ke kan asusun. A tarbiyyarmu, mutum ya ce maka iyalinsa na asibiti ka ce ba za ka taimaka ba, abu ne mai nauyi. Amma ta wannan ƙofar 'yan damfara suke shiga, kuma ma'aikacin da ya buɗe ta sau ɗaya ya jawo an kwashe wa wani tarin guminsa.

Amsar da ake so ita ce ka tausaya masa da gaske, ka yi wa mara lafiya addu'a, sannan ka tsaya a kan cewa bayanan asusu mai shi kaɗai ake ba wa, ka nuna masa hanyar da ta halatta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni nauyin tsare irin waɗannan bayanai, kuma akwai hukumar kare bayanai ta NDPC da ke iya cin su tara. Haka nan in aka tambaye ka abin da ba za ka taɓa nema daga kwastoma ba, amsar ita ce lambar sirrin katinsa, da kalmar sirrinsa, da lambar nan ta OTP da ake turo masa ta saƙo. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar su ko da wasa.

"Ba mu labarin wani lokaci da…"

Kusan babu intabiyun da ba a yin irin wannan tambaya: ba mu labarin lokacin da ka yi hulɗa da mutum mai wuyar sha'ani, ko lokacin da ka yi kuskure, ko lokacin da aiki ya yi maka yawa. Dalilinsu shi ne abin da mutum ya taɓa yi ya fi nuna halinsa a kan abin da ya ce zai yi. "Ni mutum ne mai haƙuri" kowa zai iya faɗa. Labari suke so mai kai da gindi: yaya lamarin yake, mene ne nauyin da ke kanka, me ka yi da kanka, yaya aka ƙare. Masu horar da ma'aikata suna kiran wannan tsari STAR.

A nan matasa da yawa ke cewa ba su da gogewa, saboda ba su taɓa aikin ofis ba. Na taɓa zama da wata ƙanwata tana shirin irin wannan intabiyu, tana ta damuwa cewa takardar CV ɗinta fayau take. Na ce mata, shekara biyun da kika yi a rumfar POS ta unguwa fa? Sai ta tuna ranar da wani dattijo ya zo cire kuɗin fanshonsa, aka cire masa, takarda ta fito da cewa ba a yi nasara ba, ya zauna a benci ya ce ba zai tashi ba sai ta ba shi. Ba ta ba shi kuɗin ba, don bai shigo mata ba, ba ta kuma kore shi ba. Ta kawo masa ruwa, ta ninke masa takardar ta sa a aljihunsa, ta rubuta masa a bayanta abin da zai faɗa a banki, washegari ta kira ɗansa ta ji yadda aka yi. Wannan labarin ya fi duk wata amsa da za ta haddato. Wanda ya tsaya shagon babansa a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, wanda ya koyar a Islamiyya yana fama da iyayen yara, wanda ya yi bautar ƙasa a asibiti yana ba da kati, duk sun yi aikin kula da jama'a, sunan ne kawai ba su sa masa ba.

Sai dai akwai abin da ke tauye mu, wato kunya. An tarbiyyantar da mu cewa yabon kai jahilci ne, kuma ba a ƙura wa babba ido. Halaye ne masu kyau, kuma ladabin da ke cikinsu jari ne a wannan aiki. Amma wanda ya sunkuyar da kai yana amsawa da "eh" da "a'a", mai intabiyun da ba daga nan ya fito ba zai ɗauka tsoro ne ko rashin abin faɗa. Faɗin abin da ka aikata, yadda ya faru, ba fariya ba ne, shaida ce aka nema ka bayar. Ka ɗago kai, ka ce "na yi" a inda kai ka yi, kada ka ɓuya a bayan "muka yi".

Turanci da Hausa: wanne ya fi nauyi?

Turanci wajibi ne, domin da shi ake horo, da shi ake rubuta rahoton kowane kira. Amma Turancin da ake so shi ne wanda za a gane ba tare da an ce ka maimaita ba. Lanƙwasa harshe don a yi kama da mutumin Amurka ko Ingila ba ya ƙara maki, sau da yawa ma yana rage fitar magana.

Abin da matasanmu ba su cika lura da shi ba shi ne Hausarsu kanta abin sayarwa ce. Manyan kamfanonin waya suna ba mai kira zaɓin harshe, kuma dole a sami wanda zai ɗauki layin Hausa. Kamfani irin KEDCO mai kula da Kano da Jigawa da Katsina, ko na Kaduna da ya haɗa har Zamfara da Sakkwato da Kebbi, yawancin masu ƙorafinsa da Hausa za su yi. To amma iya hira daban, iya bayani daban. Za a iya ce maka, "Yi wa tsohuwar da ba ta yi boko ba bayanin dalilin da ya sa aka toshe mata layi." In rabin jimlarka Turanci ne, ba ka isar ba. Ka gwada tun a gida da kakarka ko maƙwabciya: ka yi mata bayanin cewa kuɗin transfa yana rataye tsakanin banki biyu, bai isa can ba bai dawo nan ba, ko cewa sunan da ke kan katin ɗan ƙasa bai zo daidai da wanda aka yi rajistar layi da shi ba. Ka kuma shirya kunnenka ga Sakkwatanci da Katsinanci da Hausar wanda ba ita ce harshensa na farko ba. Mai jin Fulatanci ko Kanuri ya rubuta a takardarsa, ya kuma faɗa da bakinsa.

Shin kwastoma kullum shi ke da gaskiya?

Wannan tambaya tana raba kan masu harkar kansu. Wasu shugabanni sun fi damuwa da sauri: ana ƙirga matsakaicin mintunan da ma'aikaci ke ɓatawa a kowane kira, saboda akwai ɗaruruwa a layi suna jira. Wasu sun fi damuwa da a warware matsala a kiran farko, ko da ya ɗauki lokaci, don kada mutum ya sake kira. Akwai kuma makin da kwastoma ke bayarwa bayan an gama, da sashen da ke sauraron kiran da aka naɗa yana duba ko an bi ƙa'ida. Ma'aikaci yana tsakiyar waɗannan ma'aunai ne, kuma sukan ja shi ɓangarori daban-daban.

In aka yi maka tambayar, a ganina amsa mafi gaskiya ita ce kwastoma yakan yi kuskure, wani lokaci ma shi ya tura kuɗi ga lambar da ba ita ba, amma kullum yana da haƙƙin a saurare shi, a mutunta shi, a faɗa masa gaskiya. Wanda ya ce "eh, kullum" ya nuna zai iya karya ƙa'ida don ya faranta rai. Wanda ya ce "a'a" ya yi shiru ya nuna zai yi gardama da mutane. Kuma yana da kyau ka san cewa yawancin wurare suna da ƙa'ida a kan mai zagi: a gargaɗe shi cikin ladabi, in ya ci gaba a miƙa shi ga na gaba ko a rufe kiran. Haƙurin da ake nema bai kai ga a mayar da mutum abin takawa ba.

Tambayoyin da ya kamata kai ma ka yi

A ƙarshe za a ce ko kana da tambaya. Kada ka ce babu. Ta farko kuma mafi muhimmanci: wane ne zai ɗauke ni? Da yawan masu amsa waya da masu zama a teburin banki ba ma'aikatan kamfanin da sunansa ke jikin bango ba ne, wani kamfanin 'yan kwangila ne ya ɗauke su ya kawo. Masu goyon bayan tsarin suna cewa ya buɗe wa dubban matasa ƙofar da da ba za su samu ba. Ƙungiyoyin ƙwadago kuma sun daɗe suna kukan cewa aiki iri ɗaya ake yi, amma albashi da ƙarin girma da tsaron aiki sun sha bamban. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, abin da bai kamata ba shi ne ka shiga ba ka san a wane matsayi kake ba.

Ka tambayi tsarin lokutan aiki, domin cibiyoyi da yawa ba sa rufewa dare da rana, har ranar sallah. Mace mai aure ko mai goyo, ko wanda gidansa ke nesa, gara ya ji maganar aikin dare da motar kai ma'aikata tun yanzu. Ka tambayi yadda ake tsara hutun sallah da Juma'a, a sarari kuma cikin natsuwa. Abu ne da ake shiryawa ta hanyar karɓa-karɓa. Game da kuɗi, ka nemi a bambance maka albashin da ke kan takarda da abin da zai shigo asusunka bayan an cire haraji da fansho. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira dubu 70 ne tun Yulin 2024, dokar fansho ta 2014 kuma ta ce ma'aikaci ya sa kashi 8 cikin 100, mai aiki ya sa kashi 10. Ka tambaya ko ana biyan kwanakin horo, kuma yaushe za a ba ka takardar ɗauka mai ɗauke da sharuɗɗa. Dokar ƙwadago ta ce kada ta wuce wata uku da fara aiki.

Saboda yawan masu neman irin wannan aiki, 'yan damfara ma sun shigo. Duk gayyatar da ta ce ka tura kuɗin fom, ko na horo, ko na rigar aiki kafin a gan ka, ka bar ta. Haka wadda ta nemi lambar katinka na ATM da sunan za a buɗe maka asusun albashi. In an ba ka adireshi, ka bincika ko ofishin kamfanin ne da gaske, ka faɗa wa wani a gida inda za ka, musamman ke 'yar'uwa idan wurin otal ne ko gidan da babu alamar kamfani a ƙofarsa.